Bas Ta Ƙi Tashi Bayan An Sauya Mata Totur: Ina Laifin Yake?

Duk wanda ya saba yin sammako zuwa tashar mota cikin watan Disamba ko Janairu, sa'ad da hunturu ya kankama a ƙasar Kazaure, da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin wannan ba. Bas ta cika maƙil tun gari bai gama wayewa ba. Ga fatake da buhunan gero da gyaɗa, ga mata da goyo za su asibiti, ga ɗalibai masu komawa makaranta. Direba ya yi bisimilla, ya murza makulli, inji ya yi ta gurnani kamar zai kama, amma shiru. Ya sake, ya kuma sakewa, har muryar injin ta soma yin ƙasa. Can sai a ji yaron mota yana roƙon maza su sauko a taimaka da turi.

A birni kamar Kano wannan ba wani abin damuwa ba ne ga fasinja, domin in wannan ta ƙi, ga wata nan a bayanta. Amma ƙaramar hukumar Gwiwa tana can ƙuryar arewa maso yammacin jihar Jigawa, kan iyaka da jihar Katsina, kuma mutumin ƙauye da motar safe ta yi wa gardama yana iya rasa cin kasuwar ranar baki ɗaya. Shi kuwa mai mota, ban da kuɗin lodi da ya kufce masa, kowace murzawar makulli tana rage wa batir da sitata kwana.

Galibi sanyi ake ɗora wa laifi, kuma sanyin yana da nasa kason. To amma akwai wata irin gardama da take somawa daga ranar da mota ta fito daga gareji bayan an sauya mata totur, watau abin nan da direba yake takawa da ƙafar dama domin ya ba mota wuta. Motar da a da ba ta da matsala sai ta koma ba ta tashi sai da jan rai. Wannan ita ce ta cancanci a tsaya a kanta, domin maganinta yakan zama mai arha ƙwarai, amma sau da yawa ba a gano shi sai an kashe kuɗi a inda babu ciwo.

Me ke sa a taɓa totur tun farko?

Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama na hanya, saboda haka motocinta sitiyarinsu a hagu yake. Bas ɗin da aka shigo da ita daga Ingila ko Japan kuwa sitiyarinta a dama yake, sai an cire shi tare da birki da kuloci da totur an mayar da su ɗaya gefen. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, wanda ya fi yawa a yanzu, shi ne sauyin inji. Yawancin injunan dizal na zamani wata 'yar kwamfuta ce take sarrafa su, kuma toturinsu ba ya jan komai, saƙon lantarki kawai yake aikawa. Idan irin wannan inji ya gaji, ko kwamfutarsa ta lalace, bakanike yakan ba da shawarar a sa tsohon yayi mai injekta ta ƙarfe zalla, wadda ake samun mai gyaranta a ko'ina. Da an yi haka, dole a ja waya daga ƙafar direba zuwa jikin injekta. Akwai kuma manyan bas-bas masu inji a baya, waɗanda wayar toturinsu takan kai mita 10 ko fiye, har takan cije saboda ƙura da tsatsa, sai a maye gurbinta da totur mai aiki da iskar birki.

Kowanne daga cikin waɗannan ayyuka yana sa a kwance wayoyin lantarki da bututun mai da sandunan haɗi masu yawa. Kafin a ga yadda kuskure yake shiga, sai an fahimci yadda injin yake kama wuta.

Wutar da ba a ƙyasta mata ashana

Injin fetur yana da fulogi mai ba da tartsatsi. Injin dizal, wanda direbobi suke kiran mansa gas, ba shi da shi. Bajamushen nan Rudolf Diesel, wanda ya sami takardar mallakar ƙirƙirarsa a 1893, ya kuma kammala injin farko mai aiki sosai a birnin Augsburg a 1897, ya dogara ne da wata ɗabi'a ta iska: idan aka matse ta da sauri, sai ta yi zafi. Ɗalibi yana iya tabbatar da haka da famfon keke. A toshe bakinsa da yatsa, a danna da ƙarfi sau goma, sa'an nan a taɓa gindinsa. (Abin sha'awa ga mutanen ƙasar da aka san ta da dalar gyaɗa, a bikin baje koli na birnin Paris a 1900 an nuna injin dizal yana aiki da man gyaɗa.)

A cikin silinda, fistin yakan matse iska har ta koma kashi ɗaya cikin 15 zuwa 22 na girmanta, gwargwadon irin injin. A daidai ƙarshen matsin ne nozul yake fesa mai kamar hazo, shi kuwa ya kama da kansa saboda zafin da ya tarar. Ga wani ɗan lissafi da malamin kimiyya zai iya yi da ɗalibansa a kan allo. A injin da yake matse iska sau 17, zafinta a ma'aunin Kelvin yakan ninka kimanin sau 2.7. Da rana tsaka, iska mai digiri 35 a ma'aunin Selshiyos, watau Kelvin 308, za ta kai kusan digiri 560. Da asubar hunturu, iska mai digiri 12, watau Kelvin 285, ba za ta wuce digiri 500 ba. Ke nan bambancin digiri 23 a waje ya zama fiye da 60 a cikin silinda. Wannan ma a takarda ne. A zahiri ƙarfen da ya kwana cikin sanyi yana shanye zafin kafin ya taru, kuma idan sitata tana juya injin a hankali, iska tana samun lokacin sulalewa ta gefen ringi. Shi ya sa injin dizal yake bukatar a juya shi da saurin da ya kai kimanin zagaye 150 zuwa 250 a minti kafin ya kama.

Ta wannan fuska injin dizal ɗan uwan ƙadangare ne. Ƙadangare ba ya iya ɗumama jikinsa daga ciki kamar akuya ko ɗan Adam, don haka da safe sai ya hau katanga ya sha hantsi kafin gaɓoɓinsa su saki. Hantsin ƙananan injunan dizal shi ne hita, wani ɗan ƙarfe da yake shiga cikin kan inji, wanda lantarki yake gasa shi ya yi ja wur, ya haura digiri 800 cikin 'yan daƙiƙoƙi. Manyan injuna da yawa ba su da hita a kowace silinda. Waɗansu iskar da take shiga ake ɗumama musu, waɗansu kuwa ƙarfin matsinsu kaɗai suke dogaro da shi.

Sai kuma batun da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A motar fetur, totur ƙofar iska yake buɗewa. A yawancin tsofaffin injunan dizal babu wannan ƙofa, iska tana shiga yadda ta ga dama. Abin da ƙafar direba take motsawa wani hannu ne a jikin injekta, famfon da kamfanin Robert Bosch ya soma ƙera irinsa da yawa a 1927. Hannun ma ba shi yake auna man kai tsaye ba. Yana gaya wa wata na'ura mai suna gwamna irin gudun da ake so ne, ita kuma ta yanke yawan man da za a fesa. Lokacin tashi, inji mai sanyi yana bukatar mai fiye da na kullum. Waɗansu injektoci da kansu suke komawa matsayin ba da wannan ƙarin mai da zarar inji ya tsaya, waɗansu kuwa ba sa bayarwa sai direba ya take totur har ƙasa. Ban da wannan hannu akwai na biyu, na kashe inji, wanda yake datse mai baki ɗaya, ko dai ta hanyar waya da ake ja, ko ta wani ɗan bawul mai maganaɗisun lantarki da makanikai suke kira solonoyid. Waɗannan hannaye biyu maƙwabtan juna ne, kuma mai aikin totur ba ya rasa taɓa na biyun.

A fara da duban hayaƙi

Alal misali, a ɗauki wata ƙaramar bas mai jigila tsakanin Gwiwa da Kazaure, wadda aka cire mata inji mai kwamfuta aka sa mata mai injekta ta ƙarfe. Ranar da aka gama aiki ta tashi lafiya, domin da rana ne, kuma an yi ta gwaji inji ya ɗumama. Washegari da asuba ta ƙi. Aka tura ta, ko taku goma ba a yi ba ta kama. Mai mota ya ce batir ne, aka sayo sabo, ba ta sake zani ba. Wani ya ce a kai injekta Kano a sake saita ta.

Gogaggen bakanike ba zai yi saurin kwance komai ba, kamar yadda likitan kirki yake duba ido da harshe kafin ya ɗauko allura. Zai sa yaronsa ya murza makulli, shi kuwa ya koma bayan mota ya zuba wa salansa ido. Idan inji yana juyawa amma babu hayaƙi ko kaɗan, to mai ba ya isa silinda, kuma babu amfanin zargin sanyi. Idan farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas yana fita, mai yana zuwa, zafin da zai kunna shi ne bai isa ba, ko kuma ana fesa shi ba a kan lokaci ba. Baƙin hayaƙi kuwa yana nuna mai ya yi wa iska yawa, sai a tuna da matatar iska, wadda ƙurar hunturu take toshewa cikin 'yan makwanni.

A wannan bas babu hayaƙi. Ga kuma wata shaida da kowa ya gani amma ba wanda ya tsaya ya yi mata tambaya: me ya sa take tashi da turi nan take, amma ba ta tashi da makulli? Amsar tana cikin makullin kansa. A motoci da yawa, idan aka murza makulli zuwa matsayin tayarwa, yakan yanke wuta daga rediyo da fanka da makamantansu na ɗan lokaci, domin a tara wa sitata ƙarfi. Idan mai haɗa waya ya nemi wutar solonoyid daga irin wannan layi, saboda ya gwada ya ga da wuta a cikinsa, to bawul ɗin zai buɗe sa'ad da aka kunna makulli, ya rufe daidai lokacin da sitata ta soma juyi. Inji yana juyawa, mai a datse. Idan da ɗumi a jikinsa, yakan kama a ɗan taƙin da direba ya saki makulli wuta ta dawo, shi ya sa da rana ba a gane komai. Da turi kuwa makulli yana zaune a matsayin kunnawa, mai yana gudana. Ƙaramin ƙwan gwaji da ake haɗawa da waya biyu ya isa ya tona wannan asiri. A ɗora shi a kan solonoyid, a murza makulli. In ya mutu lokacin da sitata take juyi, an kama ɓarawo, kuma gyaran bai wuce a mayar da waya ɗaya inda ya dace ba.

Ba kullum ake dacewa da sauƙi haka ba. Wani lokaci ƙwan ba ya mutuwa, dushewa yake yi. Lafiyayyen batir mai bolt 12 yakan nuna kimanin 12.6 idan yana hutawa, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba sa'ad da sitata take ja. Manyan bas-bas batir biyu suke haɗawa su sami bolt 24. Idan batir lafiya lau ne amma wuta tana raguwa a hanya, a nemi kaurarar wayar nan da take haɗa jikin inji da firam ɗin mota. Bayan sauyin inji akan manta da ita, ko a ɗaure ta a kan fenti. Haka kuma, a injin zamani kwamfuta ce take kunna hita. In an cire kwamfutar ba a yi wa hita wata hanya ba, fitilarta tana iya kamawa a gaban direba alhali babu abin da yake ɗumama. Irin wannan mota farin hayaƙi take yi da safe.

Idan lantarki ya fita daga zargi, sai a koma kan sandunan haɗi, kuma gwajinsu ba ya bukatar kayan aiki. A cire wayar totur da ta kashewa daga jikin injekta, a tura hannun kashewa har ƙarshen matsayinsa na aiki, a riƙe na totur da hannu, a tayar. In ta tashi, laifin yana tsakanin ƙafar direba da injekta. Wataƙila wayar ta yi sako-sako, direba yana takawa har ƙasa amma hannun bai kai inda zai saki man tashi ba. Wataƙila sabon ƙarfen da aka yi wa walda domin riƙe wayar yana tokare hannun kashewa, ya hana shi komawa sarai. Tazarar da ba ta fi kaurin tsinken tsintsiya biyu ba tana iya rage man tashi. Bas mai totur na iska tana da nata salon. Idan akwai yoyo, tankin iska yakan wayi gari fayau, direba ya yi ta taka totur ba abin da yake motsi a baya, ita kuwa iskar ba za ta taru ba sai inji ya tashi. Inda aka yi akasin haka, aka sa totur na lantarki da ba na motar ba, kwamfuta tana sa ran ganin wani ƙayyadadden ƙarfin wuta, galibi wajen rabin bolt idan ƙafa ba ta kai, zuwa bolt 4 da ɗoriya idan an take. In ta ga saɓanin haka sai ta yi biris da ƙafar direba, ta bar inji a silo. Wannan kam sai mai na'urar karanta kwamfuta.

Kumfa, da masu rai a cikin tanki

Akwai motar da take tashi da ƙyar da safe, ta yi ta shaƙewa na minti ɗaya, sa'an nan ta wuni lafiya. Wannan alamar iska ce a cikin bututun mai. Ruwa da mai ba sa matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, saboda haka idan kumfa ta shiga, injekta tana dannawa amma ƙarfin yana ƙarewa a kan kumfar, nozul bai buɗe ba. Ma'aikacin jinya ma kafin ya yi allura sai ya ƙwanƙwasa sirinji ya fitar da kumfa, ko da yake nasa dalilin kare jijiyar majiyyaci ne. Abin da yake ruɗa mutane shi ne, mahaɗar da take shan iska ba lalle ta ɗiga mai ba. Wata tsohuwar wasar tagulla da aka mayar bayan an kwance bututu ta isa ta bar iska ta shiga cikin dare, mai ya koma tanki. A sa guntun tiyo garai-garai kafin injekta, a dubi ko kumfa tana wucewa. Ko kuma da safe a fara danna ɗan famfon hannu da yake kusa da matatar mai har ya yi tauri. In ta tashi nan take bayan haka, an san inda za a nema.

Idan aka buɗe matatar aka tarar da wani baƙin abu mai yauƙi, makanikai sukan ce dattin mai ne. Sau da yawa abin yana da rai. Tankin da ya kwana rabi yana tara raɓa a cikinsa, man da ya daɗe a durom ko jarkar 'yan bumburutu ma yakan zo da nasa ruwan, kuma da yake ruwa ya fi mai nauyi sai ya kwanta a ƙasa. A daidai inda ruwa da mai suka haɗu, ƙwayoyin bakteriya da nau'o'in fumfuna suke kafa gida, suna zaune cikin ruwan suna cin man. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Hormoconis resinae, wadda a da ake kira Cladosporium resinae, kuma ta daɗe tana damun masu jiragen sama saboda tana girma a tankin mansu. Zaruruwanta suna toshe matata, asid ɗin da take fitarwa kuma yana cin ƙarfe. Motar da ta yi makwanni a gareji tana jiran aiki ta ba waɗannan halittu lokacin yaɗuwa, sai a ɗauka sabon totur ne ya kawo ciwon. Tsiyaye ruwan gindin tanki da sauya matata shi ne magani, cika tanki da yamma kuma yana rage raɓar.

Dabarun gaggawa da ake gani a tasha suna da tsada a ƙarshe. Tsumman da aka jiƙa da fetur aka kara a bakin iska, ko maganin sauro na fesawa, yana kamawa tun fistin bai kai sama ba, ya doke shi ta baya, har ya karya ringi. In kuwa akwai hita mai zafi a hanya, wutar tana iya dawowa fuskar mai riƙe da tsumman. Hura wuta a ƙarƙashin inji ba ya bukatar dogon bayani. Kananzir da ake gaurayawa da gas ba shi da santsin da injekta take bukata, domin man da take turawa shi ne kuma yake shafe ta. Sitata kada ta wuce daƙiƙa 15 tana juyi ba a bar ta ta huce ba. Wanda kuma zai sassauta bututun nozul domin ya ga ko mai yana zuwa, ya janye hannunsa nesa. Ko tsohuwar injekta tana fesawa da ƙarfin da ya ninka na iskar tayar mota sau da dama, na zamani kuwa, irin waɗanda suka bazu tun daga 1997, suna kaiwa ninki 2,000 na nauyin iskar sararin duniya. Irin wannan feshi yana huda fata, ya bar ɗan tabo kamar cizon sauro, alhali man yana kashe nama daga ciki. Wanda hakan ta same shi asibiti zai nufa a take, ko da bai ji zafi ba.

Idan an bi duk waɗannan, mai yana zuwa, hita tana ja, sitata tana juyi da ƙarfi, amma farin hayaƙi bai daina ba, saura abu biyu. A duba ko an ɗaura injekta daidai da alamominta na lokaci, domin haƙori ɗaya na giya ya isa ya jinkirta feshi. Sa'an nan a auna matsin kowace silinda. Injin da aka sayo na hannu yana iya zuwa da ringinsa a cinye tun daga inda ya fito, kuma a nan ne kawai buɗe inji ya zama dole.